Dogon Turanci Daban, Iya Turanci Daban

Idan kana hawa Facebook ko TikTok, na san ka sha cin karo da shafukan nan masu koyar da "manyan kalmomin Turanci". Yau su ce maka daga yanzu kada ka ƙara cewa "very tired", ka riƙa cewa "exhausted". Gobe su jero maka kalmomi 20, wai idan ka haddace su kowa zai ɗauka a Landan aka haife ka. Sai ka danna alamar so, ka adana, ka tura guruf ɗin 'yan ajinku. Bayan sati guda a ce ka faɗi ko uku daga ciki, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau, hanyar ce ba ta ɓullewa. Kalma ba ta zama taka don ka gan ta a waya sau ɗaya. Sai ka san abu uku a kanta: me take nufi, da waɗanne kalmomi take tafiya, kuma yaya ake furta ta. Idan ɗaya ya faɗi a cikin ukun nan, to aron kalmar kawai ka yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Kafin mu shiga, bari mu taɓa muhawarar nan da ba ta ƙarewa a soshiyal midiya, wato "Turanci ba ilimi ba ne". Gaskiya ne, yare ne kamar kowane yare. Akwai malamai da 'yan kasuwa da masu sana'a da ba su jin ko "come", amma sun fi masu digiri da yawa basira. Sai dai ɗan'uwa, 'yar'uwa, mu faɗa wa juna gaskiya: a ƙasar nan Turanci ƙofa ce. Ba ka da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, shiga jami'a ya zama aiki. A JAMB, darasin Turanci dole ne ga kowa, ko likita kake son zama ko lauya, kuma tambayoyi 60 ne cikin 180 da za ka amsa. Intabiyun aiki da Turanci ake yi. Tallafin karatu a waje, galibi sai an ga sakamakonka na IELTS ko makamancinsa. Mai cewa Turanci ba komai ba ne, sau da yawa za ka tarar shi ya riga ya shige ta ƙofar, ko kuma 'ya'yansa na makarantar kuɗi. Kai da ke waje, kada ka bari a yi maka waƙar barci.

Na farko: ma'ana ba guda ɗaya ba ce

Ɗauki wannan misalin daga Hausarmu. A ce wani Bature ya zo Kano koyon Hausa, aka ce masa "ci" na nufin sa abinci a baki a haɗiye. Ya rubuta a littafinsa, ya ji daɗi ya koyi kalma. Da ya fita sai ya ji an ce wane ya ci jarrabawa, wance ta ci bashi, kasuwa tana ci, an ci amanar wane, an ci tarar direba, ɗan takara ya ci zaɓe, yaro ya ci mutuncin babba, wuta na ci. Ka ga Baturen nan ya san "ci"? Ai ko rabinta bai sani ba. Haka "sha": sha ruwa, sha iska, sha wahala, sha alwashi, sha kaye.

To haka Turanci yake. Ƙananan kalmomin da muke rainawa, irin su "get", "take", "run", "set" da "put", su ne "ci" da "sha" na Turanci. "Put off" ɗage abu ne zuwa wani lokaci, "put up with" haƙuri da abu ne, "put out" kashe wuta ne. Wanda ya mallaki waɗannan ya fi wanda ya haddace "flabbergasted" iya Turanci nesa ba kusa ba.

Sannan akwai nauyin kalma. A Hausa ba ka cewa mahaifin abokinka ya mutu, sai dai ya rasu, ko Allah ya yi masa rasuwa. Tsohuwa da dattijuwa duk shekaru ne, amma ka san wadda za ka faɗa a gaban mai ita. Turanci ma haka: "famous" sananne ne, "notorious" kuwa wanda ya yi ƙaurin suna ne. Sai ka ga matashi na son yabon malaminsa ya rubuta "a notorious scholar", ya zage shi da zuciya ɗaya. "Childlike" yabo ne, "childish" gori ne. "Slim" za ta ji daɗi, "skinny" kuwa ka jawo wa kanka. Jerin kalmomi masu kama da juna da ake watsawa a intanet ba ya gaya maka wannan. Shi ya sa tambayoyin JAMB na zaɓo kalma mafi kusa a ma'ana ke kayar da mutane: duka zaɓin sun yi kama, jimlar ce ke nuna wadda ta dace.

Akwai dabara guda da ke rage wahala: sanin saiwar kalma. Kai da ka san yadda "karanta" ta haifi makaranta da makaranci, "buɗe" ta haifi mabuɗi, "ɗinka" ta haifi maɗinki, ai ba baƙon abu ba ne a wajenka. Yawancin manyan kalmomin Turanci daga Latin da Girkanci da Faransanci suka fito, musamman bayan da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Idan ka san "spect" na da alaƙa da kallo, ka samu "inspect", "spectator", "prospect" da "retrospect" a faɗuwa ɗaya. "Bene" alheri, "mal" sharri: ga "benefit" da "benevolent", ga "malice" da "malnutrition". Saiwa ɗaya, kalmomi goma.

Na biyu: kowace kalma da abokan tafiyarta

A Hausa muna "yanke hukunci", muna "ɗaura aure", muna "kafa hujja", muna "zuba ido". Wanda ya ce ya "ƙulla hukunci" ko ya "ɗinka aure", za a gane nufinsa, amma kowa ya san baƙo ne. A Turanci ana cewa "make a mistake", ba a cewa "do a mistake". Ruwan sama mai ƙarfi "heavy rain" ne, shayi mai kauri kuma "strong tea". Ana "discuss" abu kai tsaye, babu "about" a bayanta. Kalmomi irin su "advice", "equipment", "information" da "furniture" ba a ƙara musu "s". Babu wata doka ta hankali a nan, haka masu yaren suka saba, kamar yadda muka saba da namu. Abin da ya sa ke nan haddace kalma ita kaɗai ɓata lokaci ne. Ka ɗauke ta da jimlarta gaba ɗaya.

Wani abin kuma shi ne sanin wurin da za ka faɗi kalma. Turancin Najeriya ba abin kunya ba ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancinmu, ciki har da Kannywood, okada, danfo da "next tomorrow". A farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu, har da suya da japa. To amma ka sani, "severally" da muke faɗa da nufin sau da yawa, a wajen Bature tana nufin ɗaya bayan ɗaya, kowa daban. "Well done" da muke yi wa mai aiki a matsayin sannu da aiki, shi a wajensa yabo ne bayan an gama aikin. Ka yi Turancinka na gida a gida, amma ranar da za ka rubuta takardar neman tallafin karatu zuwa Kanada, ka san wanne za ka ɗauko. Mai iya yare shi ne mai riga fiye da ɗaya, ya san ta zaman majalisa, ya san ta zuwa ɗaurin aure.

A nan ne masu dogon Turanci ke faɗuwa. Ba banza Bahaushe ya mayar da "dogon Turanci" sunan maganar da ba ta da kai ba. Mu da ke karantar aikin jarida, abin da ake fara cusa mana shi ne: mai sauraron rediyo ba zai iya dawo da kai baya ba, don haka ka faɗi abu yadda zai gane a ji ɗaya. Tun a 1959 Muryar Amurka ta fara wani shiri na labaran duniya da sauƙaƙan Turanci, da kalmomi kusan 1,500 kacal, kuma da su aka riƙa bayanin siyasa da kimiyya da tattalin arziki. Marubucin nan na Ingila George Orwell ma, a wata maƙala da ya rubuta a 1946, shawarar da ya bayar ita ce kada a ɗauko doguwar kalma inda gajera za ta yi aiki. Amfanin sanin babbar kalma shi ne ranar da ƙaramar ba za ta faɗi ainihin abin da kake nufi ba. Idan don a ce ka iya ne kawai, to burga ce, kuma wanda ya iya na gaske yana gane burga tun daga layin farko.

Na uku: yadda ake furtawa

Wannan shi ne inda aka fi yi mana dariya, kuma inda muka fi saurin karaya. Tushen matsalar a rubutun Turancin yake. Haruffa 26 ne, amma sautukan sun kai kusan 44. Hausar boko kusan yadda ka gani haka za ka karanta. Turanci kuwa ba ruwansa. Akwai "b" a "debt", "subtle" da "plumber", amma ba a furta ta. Akwai "w" a "sword", akwai "t" a "listen", duk na ado ne. "Suite" da "sweet" furucinsu ɗaya.

Ga wani abin mamaki. Kakanninmu da ba su yi boko ba sun fi mu dacewa a wasu kalmomin, saboda da kunne suka ɗauka. Sun ji sojan Ingila na faɗin "colonel", suka ce kanar, kuma hakan ya fi kusa da daidai a kan "kolonel" da ɗan boko ke karantowa daga takarda. Suka ji "lieutenant" a bakin Baturen Ingila, suka ce laftanar. Suka ce sajan, suka ce kabad, suka ce rasit, babu wanda ya furta "p" ɗin da ke cikin "cupboard" da "receipt". Darasin a fili yake: furuci da kunne ake koyonsa. Duk kalmar da ba ka taɓa jin an faɗa ba, kada ka yarda da idonka.

Sai sautukan da babu su a Hausa. Ba mu raba "p" da "f", shi ya sa "pull" da "full", ko "copy" da "coffee", ke rikice mana. "V" kan koma "b", sai "vote" ta zama "boat". "Th" kan koma "s" ko "z", sai "think" ta zama "sink". Wannan ba daƙiƙanci ba ne; kowace al'umma da inda harshenta ke tuntuɓe, a ba Bature "ƙ" da "ɗ" da "ts" a ga yadda zai ƙare. Kuma yana gyaruwa. Wajen "p", haɗe leɓɓanka ka sake su da iska. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, idan ta motsa ka yi daidai. Wajen "f", haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. "V" ma haka, sai dai da murya. "Th" kuwa, duk wanda ya zauna gaban malamin Islamiyya aka sa shi maimaita ث da ذ har sai ya fitar da kan harshensa, ai ya riga ya iya: na farkon shi ne na "think", na biyun na "this".

Kuma kana da wata baiwa da ba ka lura da ita ba. Kunnenka na raba gari na mutane da garin tuwo, da tsawon wasali kawai. Yana raba kukan yaro da kukar miya, da hawa da saukar murya kawai. Kunnen da ya iya wannan ba zai kasa raba "ship" da "sheep", ko "live" da "leave" ba. Haka batun gaɓar da ake dannawa: "record" idan suna ce a gaɓar farko ake danna murya, idan aiki ce a ta biyu. Haka "present", haka "conduct". Takardar WAEC ta furuci irin waɗannan take tambaya, kuma da yawa suna zubar da maki a nan don ba su taɓa sauraro da niyya ba.

Ba ana cewa ka koma magana ta hanci kamar ɗan Landan ba fa. A ɓangaren magana na IELTS abu huɗu ake dubawa: yadda maganarka ke gudana da tsari, yalwar kalmominka, nahawunka, da furucinka. Abin da ake nema a furucin shi ne a gane ka ba tare da wahala ba. Nemi jawaban Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a YouTube, musamman na ziyararsa Amurka a 1961, ka saurara. Turanci ne a natse, kalma bayan kalma, ba gaggawa, ba ƙaƙale, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare ta Afirka. Kuma mutumin nan shi ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Haka Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya: ya juya Hausa ka ji daɗi, ya juya Turanci ka ji daɗi. Ƙarfin Hausarsu bai rage musu Turanci ba ko kaɗan. Don haka masu ganin sai sun yar da Hausa za su iya Turanci, su sake lissafi.

To kalma nawa ake buƙata?

Masana sun yi wannan lissafin. Kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗauke da wajen kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutun Turanci. Farfesa Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da ya riƙa tsayawa ba, yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Don fahimtar magana kuwa 6,000 zuwa 7,000. A nan ne zai san kashi 98 cikin 100 na abin da ke gabansa, wato kalma ɗaya ce cikin 50 za ta zame masa baƙuwa. Ga ɗalibin jami'a kuma akwai gajeriyar hanya: a shekarar 2000 Averil Coxhead ta tattara dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan karatu, irin su "analyse", "concept", "significant" da "assume". Su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi. Jerin yana nan kyauta a intanet da sunan Academic Word List. Idan za ka haddace wani jeri, wannan ya fi maka kalmomin burga sau dubu.

Kada adadin ya tsorata ka. Kalma uku a rana, a shekara 1,095 ke nan. Kafin ka gama digiri na shekara huɗu ka haura 4,000, ban da waɗanda za su maƙale maka a hanya ba ka sani ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Ga yadda za ka yi. Ka tsinci kalmominka daga abin da kake karantawa da kanka: sharhin ƙwallo, ra'ayin jarida, littafin darasinka, ko littafin labari. Idan Turancinka bai yi ƙarfi ba, fara da masu sauƙi irin littattafan Cyprian Ekwensi ko Zaynab Alkali, waɗanda duniyar cikinsu ma ka san ta. Ka samu ɗan littafi na musamman, ka kwafe jimlar da ka ga kalmar a ciki dungurungum. Ka buɗe ƙamus na masu koyo, na Oxford ko Cambridge, duk kyauta ne a waya. Ka karanta duka ma'anonin da misalan, kada ka tsaya a na farko. Ka danna 'yar alamar lasifikar ka ji furucin, ka maimaita da ƙarfi, ka naɗi muryarka a WhatsApp ka tura wa kanka, ka kwatanta. Shafin YouGlish zai nuna maka mutane daban-daban suna faɗin kalmar a cikin magana ta gaske. Sannan ka rubuta ma'anarta da Hausa. Idan ka kasa faɗinta da Hausa, to ba ka gama gane ta ba. A ƙarshe ka ƙirƙiri jimlarka, a kan rayuwarka, unguwarku, ko karatunka.

Sai bita. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, sai fa idan ya waiwaye shi. Don haka ka duba kalmar gobe, ka sake bayan kwana uku, bayan sati, bayan wata. Manhajar Anki na yi maka wannan tsarin idan kana so. Duka aikin bai wuce minti 20 a rana ba, ƙasa da abin da muke ƙonawa a bidiyon barkwanci kafin mu tashi daga gado.

Wani zai ce, to ai yanzu ChatGPT na rubuta min komai. Zai rubuta maka takardar neman aiki mai kyau, ba musu. Amma ranar intabiyu kai za ka zauna a kujerar, kuma idan Turancin takardarka ya yi hannun riga da na bakinka, ka ga an gano ka tun ba a je ko'ina ba. Ka mayar da shi abokin bita: ka rubuta naka, ka ce ya nuna maka inda ka kauce da dalili.

Magana ta ƙarshe gare mu ne gaba ɗaya. Wannan ɗabi'ar ta ɗaukar hoton rubutun wani a watsa don ya yi kuskuren Turanci, ana ta sheƙa dariya a ƙasa, tana kashe mana mutane da yawa. Yarinya ta yi ƙoƙari ta rubuta ra'ayinta, an mayar da ita abin dariya, daga ranar ta daina. A aji ma haka: mutum ya san amsa, amma tsoron kada "p" ta kuɓuce masa ya sa ya yi gum, wanda bai kai shi sani ba ya ɗaga hannu. Yare kuwa ba ya zama a bakin da ke rufe. Idan ka ga kuskure kuma ka tabbata kuskure ne, bi mutum ta saƙon sirri ka gaya masa cikin mutunci. Kai kuma da aka gyara wa, kada ka hau dokin zuciya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ɗauko kalma ɗaya da ka daɗe kana gani kana tsallakewa. Nemo ma'anarta, ka ga abokan tafiyarta, ka ji yadda ake faɗinta, sannan gobe ka yi amfani da ita a magana da wani. Jibi ka ƙara biyu.